Bayan Digirin Digirgir, Sai Ina?



Mu da muke zaune a Samaru da Sabon Gari, Allah ya ajiye mana wata baiwa a bakin ƙofa, amma saboda sabo ba mu cika ɗaga kai mu dube ta ba. Baiwar nan kuwa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello. Duk ranar da aka ce ana bikin yaye ɗalibai, hanyar Sakkwato takan cushe da motoci tun daga Kwangila har babbar ƙofar jami'a. A cikin masu sanye da rigunan biki akwai samari da 'yan mata da suka gama digiri na farko. Akwai kuma wasu manya, wasu har da furfura, 'ya'yansu na riƙe musu da jaka. Waɗannan su ne waɗanda suka gama digiri na farko tun tuni, suka sake komawa suka yi na biyu ko na uku. A kansu nake so in yi ɗan bayani: wane irin karatu ne suka yi, ina rayuwa ta kai waɗanda suka riga su bin wannan hanya, kuma shin kwalliya takan biya kuɗin sabulu?

Tambayar nan ta shafe mu ƙwarai. Nan da shekara shida ko bakwai, in Allah ya kai mu, wasu daga cikinmu za su tsaya a wannan mararraba, ko dai su tsaya a digiri na farko su nemi abin yi, ko kuwa su ƙara shekaru a gaban malamai. Iyayenmu kuma su ne za su ci gaba da kwance bakin jaka. Saboda haka ya kamata kowa ya san zurfin ruwan kafin ya tsoma ƙafa.

Wane Irin Karatu Ne?

Karatun jami'a hawa uku ne. Hawa na farko shi ne digiri na farko, wanda yawanci shekara huɗu ake yi, wasu fannoni kamar aikin injiniya da lauya biyar, aikin likita kuwa shida. A wannan hawa malami ne ke bayarwa, ɗalibi yana karɓa, ranar jarrabawa ya nuna ya riƙe abin da aka ba shi.

Hawa na biyu shi ne wanda ake kira mastas. A ƙa'ida shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ake yi. Rabinsa darasi ne a aji, rabinsa kuwa bincike ne wanda ɗalibi zai yi da kansa, ya rubuta shi a kundi.

Hawa na uku shi ne wanda Hausawa suka raɗa wa suna digirin digirgir. Mai shi ake kira Dakta, ko da bai taɓa riƙe allura ba. Mafi ƙaranci shekara uku ake yi, kuma sharaɗinsa mai tsauri ne: dole mutum ya tono wani abu da ba a sani ba kafin shi, komai ƙanƙantarsa. Akan haɗa shi da malamai masu sa ido a kan aikinsa. Idan ya gama, a gayyato wani masani daga wata jami'a dabam, a zaunar da ɗalibin a yi masa jarrabawar baka, a yi ta tankaɗe da rairaya har a tabbata aikin nasa ne, kuma yana da hujja a kan kowace magana da ya rubuta.

To, a nan ne asirin abin yake. Abin da ake koya wa mutum a hawa na biyu da na uku shi ne ya ɗauki tambaya guda ɗaya, ya bi diddiginta har tushe, kada ya karɓi magana don kawai babba ne ya faɗe ta, sa'an nan ya rubuta abin da ya gano yadda wani zai iya bin sawunsa ya gani ko gaskiya ne. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin da shi za mu auna mutanen da zan ambata.

Tushen Abin

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello kuwa shi ne ubanta na farko. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa wasu makarantu ne da suka riga ta: kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru wadda ta faro tun 1922, da tashar binciken dabbobi ta Shika, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda daga baya ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

A farkon al'amari kusan duk malaman Turawa ne da sauran baƙi, kuma ɗan Arewa da yake son digiri na biyu ko na uku sai ya tafi Ingila ko Amurka. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka duƙufa wajen horar da 'yan ƙasa a nan gida domin su gaji baƙin. Waɗanda suka fito daga wannan horo, idan aka bi sawunsu, za a ga sun rabu hanya huɗu.

Hanya Ta Farko: Waɗanda Suka Tsaya a Aji da Ɗakin Bincike

Zan fara da sashen tarihi, domin shi ne ya fara fitar da sunan Zariya a duniyar masana. Wani Bature masanin tarihi da ya musulunta, Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Tarihi na Arewa a Kaduna a 1970, shi ya tara matasa ya ce su daina dogara da abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta kaɗai. Su shiga ƙauyuka su zauna gaban dattawa, su karanta takardun Larabci da na ajami da ke cikin adakar malamai, sa'an nan su gwada wannan da wancan.

Daga cikin almajiransa akwai Dakta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina. Ya sami digirinsa na uku a nan Samaru a 1974, a kan tarihin Katsina, aka buga aikin ya zama littafi a 1981. Kafin shi, yawancin littattafai suna nuna jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tamkar faɗan ƙabila ne tsakanin Fulani da Haɓe. Shi kuwa ya kawo hujjoji ya nuna cewa a kowane ɓangare akwai Hausawa akwai Fulani, kuma in ana son a fahimci abin da ya faru sai an dubi yadda ake mulki, da haraji, da fatauci, da matsayin malamai a wancan zamani. Wannan hali na ƙin karɓar magana sai da hujja bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sa shi cikin kwamitin rubuta tsarin mulki a 1975, shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton da sauran suka amince da shi, suka rubuta nasu dabam a 1976. Ya yi sakataren gwamnatin jihar Kaduna a zamanin Gwamna Balarabe Musa, sa'an nan ya komo aji ya ci gaba da koyarwa. Ya rasu a watan Satumba na 2005.

Akwai kuma Dakta Mahmud Modibbo Tukur, wanda ba shi ne Mahmud Tukur shugaban Jami'ar Bayero na farko ba, suna ne ya zo ɗaya. Shi kuwa takardun Turawan da kansu ya bi, wato rahotannin razdan-razdan da joji-joji daga 1897 zuwa 1914. Ya karanta su da idon basira, ya fito da abin da ke ƙunshe a cikinsu na ƙona garuruwa, da aikin tilas, da haraji mai nauyi, da yunwa. Ya gama kundinsa a 1979. Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, wato ASUU, ya kuma rasu a 1988. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kundin nan bai zama littafi ba sai a 2016, a birnin Dakar na ƙasar Senegal, shekara 37 bayan rubuta shi, shekara 28 bayan an binne mai shi. Duk tsawon wannan lokaci ɗalibai suna ta neman kundin suna karantawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga wannan sashe ne kuma Farfesa Muhammad Nur Alkali ya fito, wanda ya yi bincike a kan daular Borno, daga baya ya shugabanci Jami'ar Maiduguri. Haka Farfesa Abdullahi Mahadi, wanda ya yi nasa a kan sarauta da tattalin arzikin Kano, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1999 zuwa 2004, sa'an nan ya zama shugaban farko na Jami'ar Jihar Gwambe. Ana tunawa da shi wajen son shuka itatuwa da ƙawata harabar makaranta.

Kada 'yan ajin kimiyya su ce na manta da su. Ga Farfesa Andrew Jonathan Nok, mutumin ƙauyen Nok a kudancin jihar Kaduna. Duk digirinsa uku a Samaru ya yi su, na farko a 1983, na biyu a 1988, na uku a 1993, a fannin sinadaran da ke aiki cikin jikin masu rai. Tambayar da ya riƙe ta shafi kowane makiyayi. Ƙudan tsando yana ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Dabbar da ta kamu sai jininta ya yi ta ƙarewa, ta rame, ta kasa ba da nono, ta kasa jan garma. Me ke cinye jinin? Ashe ƙwayar cutar tana fitar da wani sinadari ne mai kankare wani abu daga bayan jajayen ƙwayoyin jini. Da zarar an kankare shi, sai jikin dabbar ya ɗauke su a matsayin waɗanda suka tsufa, ya shiga lalata su da kansa. Farfesa Nok ya gano ƙwayar gadon da ke sa cutar ta iya ƙera wannan sinadari, wanda hakan mataki ne babba wajen neman rigakafi. A kan wannan aka ba shi babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009, a 2013 kuma Jamusawa suka ba shi tasu ta gidauniyar Humboldt. Ya riƙe kwamishinan lafiya, daga baya na ilimi, a jihar Kaduna, ya rasu a watan Nuwamba na 2017. Duk wanda ya ce sai an ƙetare teku ake zama masani, a ba shi labarin wannan bawan Allah.

Hanya Ta Biyu: Waɗanda Suka Shiga Mulki

Waɗannan su ne aka fi sani, domin su ake ji a rediyo. Babbansu shi ne marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya gama digiri na farko a Samaru a 1975 a fannin koyar da kemistiri, ya koma a 1978 ya yi na biyu a fannin auna sinadarai. Malamin makaranta ne sosai: ya koyar a Legas lokacin bautar ƙasa, ya koyar a kwalejin share fagen shiga jami'a a nan Zariya, ya koyar a Katsina har 1983. Daga nan ya ajiye alli ya tafi Funtuwa ya shugabanci wata babbar gona. Sai a 1999 ya zama gwamnan Katsina, wato kusan shekara 20 bayan digirinsa na biyu. A 2007 ya zama shugaban ƙasa. Ya bayyana dukiyarsa a fili kowa ya gani, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda shi ma ɗan Zariya ne. A 2009 ya yi wa masu ɗauke da makamai a yankin Neja Delta afuwa. Allah ya karɓi ransa ranar 5 ga Mayu, 2010.

Wani abin sha'awa, da ya rasu mataimakinsa ya hau, wanda aka ɗauko ya cike gurbin mataimaki shi ma ɗan Samaru ne, wato Muhammad Namadi Sambo, haifaffen Zariya, wanda ya yi digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a 1978. Ya yi shekaru yana sana'arsa, ya yi kwamishina, ya yi gwamnan Kaduna daga 2007 zuwa 2010, ya yi mataimakin shugaban ƙasa har 2015. Malam Nasiru El-Rufa'i ya karanta ƙiyasin kuɗin gini, ya ƙara da digiri na biyu a harkokin kasuwanci a 1984, ya yi ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, ya yi gwamnan Kaduna daga 2015 zuwa 2023.

Daga tsangayar lauyoyi da ke Kongo kuwa akwai Malam Nuhu Ribaɗu, ɗan sanda kuma lauya, wanda ya yi digirinsa na biyu a kan shari'ar cin hanci, ya zama shugaban farko na hukumar EFCC a 2003. Akwai kuma Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya sami digirinsa na uku a 1998 alhali yana alƙali a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2019 zuwa 2022.

Abu biyu nake so mu lura da su a nan. Na ɗaya, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito daga ɗakin jarrabawa ya zarce kan kujera. Kowannensu ya yi shekara goma sha, wasu ashirin, yana aikin da ba a jin sunansa. Na biyu, idan aka zauna a majalisa a Sabon Gari aka ambaci sunayen nan, za a ji masu yabo, za a ji masu suka, wani lokaci har murya ta tashi. Wannan ya nuna mana cewa takardar digiri shaidar karatu ce kurum. Adalci da riƙon amana kuwa sai an ba mutum wuƙa da nama ake sanin ko yana da su.

Hanya Ta Uku: Waɗanda Ba a Jin Sunansu

Waɗannan su ne mafi yawa, kuma a ganina su muka fi cin moriyarsu. Iyayenmu manoma sun san irin masara da ake kira SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, da dawa SAMSORG, da auduga SAMCOT. Haruffa ukun farko na kowane suna daga Samaru aka gutsuro su, domin a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru aka fitar da su. Fitar da iri guda aiki ne na shekaru. Sai an haɗa wannan iri da wancan, a shuka, a auna tsawo, a ƙirga kwanakin nuna, a auna amfani, a sake shukawa a wata ƙasa dabam, damina bayan damina. Da yawa daga masu tsayawa cikin rana da littafi da ma'auni suna wannan ƙirga ɗaliban digiri na biyu da na uku ne, daga nan suke samun abin rubutawa a kundinsu, daga baya su ma su zama masu fitar da iri.

Ga misali guda. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta faɗa wa gonakin Arewa ta yi mummunar ɓarna, tana daga cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Masu bincike a Samaru, tare da abokan aikinsu na ƙasashen waje, suka yi ta fama har suka fitar da irin da ke jure wa cutar, kamar SAMNUT 24 da aka sake wa manoma a 2011, mai nuna da wuri. A ƙarshen 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cin sa, don a rage yawan feshi. A Shika kuma aka fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown wadda ta dace da zafin ƙasarmu. Manomin da ya cika rumbu bai san sunan ɗalibar da ta ƙirga masa kwanson wake ba, amma guminta yana cikin tuwonsa.

Mu dawo cikin gari. Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa matattarar kowace ƙabila ce, jami'a kuma ta ƙara jawo mutane daga kowane lungu na Nijeriya, har da Nijar da Kamaru. Da yawa sun zo karatu ne, ruwan Zariya ya karɓe su, suka zauna. In ka bi daga PZ zuwa kasuwar Sabon Gari, ko ka zaga Hanwa da Palladan da Hayin Dogo, za ka tarar da mai shagon magani, da likitan dabbobi mai sayar da abincin kaji, da mai makarantar kuɗi, da mai ofishin zanen gida, waɗanda suke da digiri na biyu a ajiye cikin akwati. Wasu suna aiki a cibiyar binciken fata da ƙirgi ta Samaru, wasu a cibiyar binciken sinadarai ta Basawa, wasu a asibitin koyarwa na Shika. Wasu kuwa ga su nan a makarantun sakandare irin tamu, suna riƙe da alli.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Dakta Ayesha Imam ta yi digirinta na biyu a Samaru a fannin nazarin zaman jama'a. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matan Nijeriya da ta samo asali daga wani taro da aka yi a jami'ar a 1982, daga baya ta jagoranci kafa ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata a 1996, aka ba ta lambar yabo a ƙasar Kanada a 2002. Ban da ita akwai ɗimbin iyaye mata da suka yi nasu karatun da goyo a baya, yau suna koyarwa a kwalejojin ilimi da makarantun jinya.

Hanya Ta Huɗu: Waɗanda Suka Ƙetare, da Waɗanda Suka Maƙale

Ba zan yi wa 'yan'uwana adalci ba in na tsaya a kan zaƙi na ɓoye ɗaci. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, malamin jami'a kuma mutum ne mai rufin asiri. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, albashi ya zama ba ya kai wata, littattafai da kayan ɗakin gwaji da ake sayowa daga waje suka gagara. Sai masana suka fara tattara nasu ya nasu, wasu Saudiyya, wasu Ingila, wasu Amurka, wasu kudancin Afirka. Ƙasar nan ta sha wahalar rainonsu, wasu ƙasashe suka ci moriyarsu. Har yau wannan ƙofa ba ta rufu ba, musamman ga likitoci.

Akwai kuma matsalar jan lokaci. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya kai wajen wata tara, na 2022 kuma wata takwas. Ɗalibin da ya yi lissafin shekara biyu sai ya tarar ya yi uku ko huɗu, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin haya, ga kuɗin bincike wanda yawanci daga aljihunsa zai fito, ga kuɗin buga kundi da ɗaure shi a shagunan Samaru. Asusun TETFund yakan ɗauki nauyin wasu, amma malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗauka. Wasu ɗalibai sukan gaji su watsar a tsakiya. Wasu kuma sukan gama lafiya, su yi shekaru suna yawo da takardu ofis ofis. Mafi yawan masu faɗawa wannan rami su ne waɗanda suka koma karatu don kawai ba su sami aiki ba, suna tsammanin ƙarin takarda zai buɗe ƙofar da ta farko ta kasa buɗewa.

Abin da Na Tsinta

Idan aka jera mutanen nan duka aka dube su, za a ga waɗanda karatun ya amfana, su ma suka amfani jama'a, su ne waɗanda suka shiga da wata tambaya da ke cin ransu. Bala Usman yana so ya san yadda Katsina ta zama Katsina. Andrew Nok yana so ya san abin da ke shanye jinin saniya. Masu fitar da iri suna so su san gyaɗar da za ta tsira daga kuturta. Muƙami yakan zo ya wuce, kamar yadda muka ga gwamnoni da ministoci sun hau sun sauka, amma littafin Mahmud Tukur ya fito bayan shekara 37, irin gyaɗa kuma yana nan a gona.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai. Da farko, mu san cewa ginin nan daga ajin da muke zaune yake farawa. Mai neman shiga digiri na biyu sai an tambaye shi sakamakonsa na WAEC ko NECO, a ga yana da kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, sa'an nan a dubi darajar digirinsa na farko da takardar bautar ƙasa. Wanda ya yi wasa da lissafi a aji huɗu, zai iya tarar da shi yana jiransa a bakin ƙofa bayan shekara goma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, mu san fannin da muke so da abin da yake bukata. Mai son zama cikakken mai zanen gine-gine yana bukatar digiri na biyu kafin a yi masa rajista. Mai son koyarwa a jami'a ba zai yi nisa ba sai da na uku. Amma mai son kasuwanci ko kiwo, sau da yawa gara ya fara aikin tukuna, in ya ci karo da matsalar da ta fi ƙarfin saninsa, ya koma makaranta da ita a hannu. Na uku, mu saba da tambayar "ina hujja?" tun yanzu, ko a darasi, ko a labarin da aka turo mana ta waya.

Ga iyayenmu kuwa, ina roƙo da ladabi, idan ɗa ko 'ya ta zo da maganar ƙarin karatu, kada a yi saurin cewa a'a, kada kuma a yi saurin sayar da gona. A zaunar da shi a tambaye shi: me kake so ka bincika, wa zai amfana, kuma da me za ka riƙe kanka kafin ka gama? In ya ba da amsa mai ma'ana, a taimaka masa gwargwadon hali, a haɗa da addu'a. In 'ya mace ce, a sa maganar karatun cikin abin da za a daidaita da masu neman aurenta tun kafin a shafa fatiha, domin sau da yawa a nan ne nata karatun yake tsayawa.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.